Daga Allo Zuwa Kwali: Tarihin Koya wa Yara Haɗa Baƙi a Ƙasar Hausa

Haɗa baƙi shi ne matakin da yaro yake daina ganin rubutu a matsayin zane, ya fara jin maganar da ke cikinsa. A ƙasar Hausa wannan aiki ya girmi makarantar boko da ɗaruruwan shekaru, kuma kusan duk tsawon tarihinsa da kayan hannu ake yin sa: allon da masassaƙi ya sassaƙa, tawadar da almajiri ya dama, yashin da malamin elementare ya share da tafin hannu, sai kuma kwalin da malamar firamare take yankawa a yau ta rubuta harafi ɗaya a kowane yanki.

Tushen abin yana makarantar allo. Tarihin Kano ya ambaci zuwan malaman Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, kuma a ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Duk inda malami ya sauka, zaure ko inuwar bishiya kan zama makaranta. Takarda kuwa daga ƙetaren Sahara fatake suke kawo ta, tana da tsada, ba a ba ƙaramin yaro ita ya ɓata. Allo ya warware wannan matsala. Ana rubutu a kansa da alƙalamin kara ko na gamba, da tawadar gawayi da ƙaro, in yaro ya iya abin da aka rubuta masa sai ya wanke a yi masa ƙari. Allo ɗaya yakan kai yaro tun daga harafin farko har sauka, wani lokaci ma ƙanensa ya gaje shi.

Ba da harafi ake fara wa yaro ba, da kunne ake farawa. Malam ko wani babban ɗalibi yana biya masa Fatiha da gajerun surori, yana maimaitawa har su zauna masa, alhali bai san ko baƙi ɗaya ba. Sai bakinsa ya saba sannan a shiga babbaƙu, wato a rubuta masa haruffan surorin da ya riga ya haddace, tsurarsu babu wasali, yana nuna kowanne da yatsa ko tsinke yana kiran sunansa. Hikimar wannan jeri a fili take: yaron ba ya karo da baƙon rubutu da baƙuwar magana a lokaci guda. Maganar ya riga ya san ta, surarta kawai ake nuna masa.

A nan ne malaman Hausa suka yi wani aiki da ya cancanci a tsaya a kansa. Harafin Larabci yana sauya kama gwargwadon inda ya faɗo a kalma, farko ko tsakiya ko ƙarshe, kuma da yawa daga haruffan ɗigo ne kaɗai ya raba su. Ɗan shekara biyar wanda bai jin Larabci ba zai riƙe wannan da bayani ba. Sai malamai suka raɗa wa kowace kama suna da Hausa, sunan da yake zana ta a idon yaro. Ɗigo ya zama ruwa, aka sami ha mai ruwa da shin mai ruwa, don a raba su da 'yan'uwansu marasa ɗigo. Harafin da yake da sanda a tsaye ya zama ɗa mai hannu. Lam da aka ja a tsakiyar kalma ya zama lam jaye, na ƙarshen kalma lam ara, haka mim da nun. Ha da ta dunƙule a ƙarshe ita ce ha kuri, mai ɗigo biyu a kanta ta kuri, akwai ha babba da ha ƙarami, akwai kaf lasan. Ainun da ya buɗe baki a farkon kalma aka ce masa baki wofi, wanda ya rufe a tsakiya kuwa aka kamanta shi da likkafa, abin da kowane yaron birnin da ke ganin mahaya ya sani. Sunayen sukan ɗan sha bamban daga gari zuwa gari, amma dabarar ɗaya ce: a jingina abin da yaro bai sani ba da abin da yake gani kullum. Katunan zamani masu hoton akuya kusa da harafin a, wannan hanyar suke bi, sai dai malamin allo da suna ya yi nasa hoton.

Bayan babbaƙu sai farfaru, inda ake komawa kan haruffan nan a sa musu wasali: na bisa, na ƙasa, rufu'a, da ɗauri ga harafin da ba ya motsi. Da yake ruwayar Warshu da rubutun Magaribi ake bi, akwai kuma ɗigon imala a ƙarƙashin harafi, wanda daga baya masu ajami suka ara don rubuta wasalin e na Hausa. A rubutun hannu na Alƙur'ani, da baƙar tawada ake yin haruffa, wasula kuma da ja, kuma ana danganta kalmar baƙi da wannan. Har yau da ita da wasali ake koyar da nahawun Hausa a jami'a. Idan yaro ya gama farfaru sai ya shiga haɗa gaɓoɓin su zama kalma, matakin da ake kira hajjatu a wurare da yawa, daga nan ya fara rubuta allonsa da kansa. Tsarin yana da jinkiri, yaro yakan shekara ko fiye tsakanin babbaƙu da farfaru, kuma bulala ta yi yawa a cikinsa. Amma jerinsa, daga baƙi zuwa wasali zuwa gaɓa zuwa kalma, shi ne jerin da masana koyar da karatu suke yabawa a yau.

Wanda ya iya wannan ya sami mabuɗin ajami ko da ba a koya masa shi daban ba. Da shi aka rubuta waƙoƙin wa'azi na zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo na 1804, da shi Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙin da mata masu koyarwa, waɗanda ake kira jaji, suke kai wa matan karkara a tsarin 'yan taru, da shi fatake suke aika wasiƙa. Lokacin da Turawa suka ci ƙasar a 1903, ƙiyasin da su da kansu suka yi ya nuna makarantun allo fiye da 20,000 a Arewa.

Rubutun boko ta wata ƙofa ya shigo. Wani ɗan mishan Bajamushe mai aiki da cocin Ingila, J. F. Schön, ya buga ɗan littafin koyon karatun Hausa da haruffan Rumawa a 1857, ya bi shi da nahawu a 1862 da ƙamus a 1876, amma waɗannan ba su isa hannun yaran Kano ko Katsina ba. Abin da ya sauya lamarin shi ne shawarar gwamnatin Lugga ta gudanar da aikin mulki da Hausar boko maimakon ajami. Dokta Walter Miller ya buɗe makaranta a birnin Zariya bayan ya zauna can a 1905, sannan a 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano. Ɗalibansa na farko malamai ne da suka riga suka yi karatun allo, kuma su ne suka zama malaman boko na farko a larduna. Ba abin mamaki ba ne da kalmomin baƙi, wasali da allo suka bi su zuwa sabon aji.

Kafin a koya wa yaro harafi, sai manya sun yarda da yadda za a rubuta shi, kuma wannan ya ɗauki kusan shekara talatin. Vischer ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Wahalar tana ga sautukan da Ingilishi ba shi da su. Wasu sun sa ɗigo a ƙarƙashin b da d da k, wasu sun maƙala musu alama a gefe, wasu kuma sun bar su haka nan, mai karatu ya yi ta lalube tsakanin baki da baƙi, kafa da ƙafa, da da ɗa. An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta zama Hukumar Talifi a Zariya a 1933 ƙarƙashin Dokta R. M. East, kuma a cikin shekarun 1930 ne aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, harafin c shi kaɗai kuma ya maye gurbin ch. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ita ta kai wannan rubutu ko'ina. Ga mai koyon karatu ribar babba ce: kusan kowane sauti ya sami alamarsa guda, kuma alamar ba ta sauya murya daga kalma zuwa kalma.

Wannan ne ya sa hanyar gaɓa ta zauna daram a ajin elementare. Gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da wani baƙin a rufe. Kalma ba ta farawa da cunkoson baƙaƙe irin na Ingilishi. Don haka malami yakan fara da wasula biyar, a, e, i, o, u, sannan ya ɗauko baƙi ɗaya ya zagaya da shi: ba, be, bi, bo, bu. Yaron da ya riƙe gaɓoɓin baƙaƙe huɗu ko biyar ya riga ya iya karanta baba, kaka, nama, tuta. Farfaru ne aka sake yi da wasu haruffa, daga hagu zuwa dama. A makarantun ƙauye na En'e sau da yawa a ƙasa ake fara rubutu, yaro ya zana harafi da yatsa a yashi, ya share, ya sake, kafin a ba shi sileti. Littattafan Ka Koyi Karatu, Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu su ne suka raka zuriya bayan zuriya daga gaɓa zuwa gajeren labari, daga nan yaro ya haye zuwa Magana Jari Ce.

Katin harafi shi kansa baƙo ne, kuma a can inda ya fito ma da hannu aka fara yin sa. A makarantar da Maria Montessori ta buɗe wa 'ya'yan talakawa a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum a 1907, ba a sami kuɗin sassaƙa haruffa masu tsada ba, sai aka yanka su daga takarda da kuma takardar yashi ta goge katako, aka manna a kan kati, yara suna shafawa da yatsa suna furta sautin, suna jera haruffan da ba a manne ba su gina kalma. A Ingila da Amurka kuma wani irin kati ne ya yi tashe a tsakiyar ƙarni na 20, mai ɗauke da kalma sukutum, a ɗaga wa yara su gane ta da kamanninta ba tare da sun warware haruffanta ba. Rikitaccen rubutun Ingilishi ne ya haifi wannan hanya, kuma ta sha suka, musamman bayan littafin Rudolf Flesch na 1955 da ya ɗora mata laifin gazawar yaran Amurka. Duka nau'o'in biyu sun iso Arewa ta makarantun horon malamai, inda ƙera kayan koyarwa da hannu yake cikin abin da ake duba wa ɗalibi lokacin gwajin koyarwa. Katin kalma sukutum ya tafi darasin Ingilishi, na harafi da gaɓa ya dace da darasin Hausa.

Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya fitar da haɗa baƙi daga aji zuwa dandali. Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe azuzuwan manya a garuruwa da ƙauyuka, hedkwatar aikin tana Zariya, kuma Malam Ahmadu Kumasi yana cikin jagororinsa. Hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai masu arha da jaridun larduna, irin su Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato da Bazazzaga a Zariya, don wanda ya iya haɗa baƙi ya sami abin karantawa kada ya manta. Yara sun amfana ta bayan fage, domin gidan da uba yake bin gaɓoɓi da yatsa a gaban fitila, 'ya'yansa na leƙe.

A Nijar tafiyar ta bambanta, domin makarantar Faransawa ba ta ba harshen gida wuri ba, da Faransanci yaro yake fara karatu tun ranar farko. Taron Bamako na 1966 ya duba rubutun wasu harsunan Afirka ta Yamma har da Hausa, a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, sannan taron Yamai na 1980 ya kusanto da rubutun ƙasashen biyu. Ɗan bambancin da ya rage yana bayyana a katin yara: sautin da ake rubutawa 'y a Nijeriya, ƴ ne a Nijar.

A Nijeriya, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara fiye da yadda malaman da aka horar za su iya ɗauka, aka cike giɓin da waɗanda aka yi wa horon gaggawa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare, amma littattafai ba su wadata ba, iyaye da yawa kuma sun ɗauka jin Turanci da wuri shi ne ilimi. Sannu a hankali rera sunayen haruffan Ingilishi ya kori ba, be, bi a makarantu da dama. Illar wannan ba ƙarama ba ce. Yaron da aka koya wa cewa sunan harafin c si ne, ba shi da hanyar da zai bi ya karanta ciki ko cokali, wanda aka ce masa e sunanta i kuwa zai rikita gero da giro. Aji mai yara ɗari yana iya amsa abin da malami ya faɗa da murya ɗaya har ƙarshen zango, ba tare da an gane cewa mafi yawansu ba allon suke kallo ba. Makarantun Islamiyya, waɗanda suka yaɗu tun daga shekarun 1950, sun riƙe jerin baƙi da wasali ta hanyar Ƙa'idar Bagadaza, shi ya sa ake samun yaron da yake haɗa baƙin Larabci da yamma alhali ya kasa haɗa na boko da safe.

Girman ɓarnar ya fito fili da gwaje-gwajen karatun Hausa da aka yi wa 'yan ƙananan azuzuwan firamare a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013, inda aka zaunar da yara ɗaya bayan ɗaya aka ba su gajeren labari. Mafi yawansu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Daga nan aka shiga shirye-shiryen gyara: Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da tallafin Amurka, RANA a Katsina da Zamfara ƙarƙashin UNICEF, wanda ya haɗa har da makarantun Alƙur'ani da ake koyar da boko a cikinsu. A ɓangaren Ingilishi kuma tsarin Jolly Phonics, wanda aka fara bugawa a Ingila a 1992 mai koyar da sautuka 42, ya shiga makarantun gwamnati na jihohi da yawa. Dukkansu sun koma kan abu ɗaya: a koya wa yaro sautin harafi kafin sunansa, a nuna masa yadda ake haɗawa da yadda ake warwarewa, kuma a sa masa abin a hannu ya taɓa.

Katunan da ake bugawa a kamfani ba sa kaiwa ko'ina, waɗanda ake sayarwa a kasuwa kuma na Ingilishi ne, babu ɓ, ɗ, ƙ a cikinsu, ga p, q, v, x da Hausa ba ta bukata. Shi ya sa malamai da iyaye suke yin nasu. Kwalin sabulu, na sukari ko na taliya ake farkewa a yanka gida-gida kamar faɗin tafin hannu, a rubuta harafi babba da maka, baƙaƙe da launi ɗaya, wasula da wani launin, kamar dai yadda marubutan Alƙur'ani suke yi da baƙi da ja. Wasu a murfin kwalba suke rubutawa, wasu su ɗinka aljihuna a jikin buhu su rataye a bango a riƙa soka katunan. Ana yin wasula da yawa, musamman a, domin kusan babu jimlar Hausa da ba ta cika da ita ba.

Amfanin kati a kan baƙin allo shi ne motsi. Malama takan riƙe k a hannu ɗaya, a a ɗaya hannun, ta matso da su a hankali har su haɗu, yara su ji yadda sauti biyu suka zama ka. Ta cire a ta sa u, ya zama ku. Ta jera kaka, ta zare gaɓar ƙarshe ta sa za, ya zama kaza. A wajen koyon rubuta kalma kuwa juyawa ake yi: a faɗi kalma, yaro ya tafa hannu ya ƙirga gaɓoɓinta, sannan ya tsinto katunan ya jera a tabarma. Nan take ake ganin wanda ya gane da wanda yake bin amon aji, kuma kuskure ba ya bukatar gogewa, musanya kati kawai ake yi. Yaron da hannunsa bai ƙware da fensir ba ma yana iya gina kalma.

Akwai wuraren da mai yin katin Hausa yake bukatar lura. Tagwayen baƙaƙe, sh, ts, ky, kw, gy, gw, ƙy, ƙw da fy, kowannensu sauti ɗaya ne, don haka a kati ɗaya ake rubuta shi, in an raba ts biyu yaro zai nemi furta t da s daban ya kasa kaiwa ga tsuntsu. Haruffan b da d sukan rikita yara a kowane harshe, a Hausa kuma su huɗu ne da ɓ da ɗ, shi ya sa ba a gabatar da su a mako ɗaya, kuma ana ja layi a ƙasan kati don kada a riƙe shi a kife. Baƙaƙe masu nannage, kamar a hannu da babba, sai yaro ya ƙware da buɗaɗɗiyar gaɓa ake kawo su. Abin da kati ba ya iya nunawa shi ne tsawon wasali da karin sauti, tunda rubutun yau da kullum bai sa musu alama ba. Katunan da suka ba da gari na mutane su ne suke ba da gari na tuwo, fari na launi da fari na rashin ruwan sama duk jeri ɗaya ne. Malamai sukan warware wannan da sa kalmar cikin gajeriyar jimla ko ajiye hoto kusa da ita, kuma a daidai wannan mataki ne ake fara janye kati a miƙa wa yaro ɗan littafin labari.